Retikulum na Ruga da na Lise

Ban taɓa mantawa da ranar da aka zo duba aikina a Madarunfa ba, ina shekara ta uku da fara koyar da ilimin halittu a lise, wato babbar sakandare. A lokacin ni malamin kwantiragi ne. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, ɗan kwantiragi yana koyarwa kamar kowa, amma bai zama cikakken ma'aikacin gwamnati ba. Sufeto zai zo daga Maraɗi ya zauna a bayan aji ya kalli darasi ɗaya, kuma abin da ya rubuta shi zai sa a bar ka ko a sallame ka. Abokina da muke haya tare an sallame shi a shekarar, na gan shi da idona yana sayar da fetur a kwalba a hanyar Ɗan Issa. Ni kuwa ga mata da jariri, ga tsohuwa a Safo. Gaskiya na ji tsoro.

Darasin da ya faɗo mini shi ne bitar wani sashe na ƙwayar halitta da ake kira retikulum andoplasmik. Jikinmu duka da ƙwayoyin nan aka gina shi, ido ba ya ganinsu sai da madubin bincike. A cikin kusan kowace akwai wata siririyar fata da ta taso daga jikin cibiyar ƙwayar, ta ninku ta sake ninkuwa kamar zanen da aka jera a akwati. Wani gefenta na da ƙananan ɗigo-ɗigo manne a jiki, ribozom ke nan, masu ƙera furotin. Furotin ɗin yana shiga cikin ninkin, a daidaita shi, a ƙunshe, a tura inda ake bukata. Wannan gefen Faransanci ya kira shi rugueux, mai kaushi. Ɗaya gefen ba shi da ɗigo, bututu ne sumul, yana yin mai da kitse, a hanta kuma yana kashe dafin magani da guba. Shi ne lisse, mai santsi.

Satin da ya gabata na zana musu shi, zanen ya cinye allon duka, kalmomin biyu kuwa da baki na faɗe su.

Sufeton dattijo ne, gajere, mai teɓa, fuskar nan ba alamar dariya. Ya zauna ya buɗe takardunsa. Ƙa'ida ita ce darasi da Faransanci ake yi daga farko har ƙarshe, kuma a gama abin da aka tsara kafin a kaɗa ƙararrawa. Na fara da tambaya mafi sauƙi: retikulum kashi nawa ne? Na zaɓi Rabi, wata yarinya ƴar Gabi da na fi amincewa da ita.

Ta miƙe ta ce da Faransancinta mai kyau, kashi biyu ne: retikulum na ruga da retikulum na lise.

Na jira dariya. Ba wanda ya yi. Aji guda sai gyaɗa kai suke, alamar ta faɗi daidai. Sufeto ya ɗago kai.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in ce kuskure ne, in rubuta kalmomin, in wuce. Amma ni Allah ya yi ni da bin diddigi, tun ina yaro nake kwance rediyon mutane don in ga mai magana. Kunnena ya gane cewa rugueux ce ta koma ruga, lisse ta koma lise. Abin da ya hana ni sakat shi ne, yaya aka yi yara masu hankali suka yarda akwai rugar Fulani a cikin ƙwayar jiki, ba su ga abin mamaki ba? Sai na ji bakina yana tambayarta dalili. Ta fara, Faransancin ya ƙare mata. Na ce ta faɗa da Hausa. Ina jin ƙarar alƙalamin sufeto a kan takarda.

"Mushe," ta ce, haka ɗalibai ke kiran malami a wajenmu, "ai a zanenka munka gani. Wanga mai ɗigo-ɗigo, shanu na sunka kewaye ruga. Kuma kai ka ce muna furotin cikin nono da nama yake. To ina aka samun nono in ba ruga ba?"

"Na lise fa?"

"Shi bangon siminti na, sumul, ba dabba ko guda."

"To me ya haɗa lise da kitse?"

Wani ɗalibi mai suna Sani, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya amsa daga bayan aji: "Mushe, ai duk wanda ya gama lise ya samu aiki, teɓa yaka yi."

Kowa na ƙoƙarin kada ya waiwaya ya kalli teɓar sufeto. Ni dai na ga kaina a hanyar Ɗan Issa da kwalabe.

Amma wallahi abin ya burge ni. Sunayen sun karkace, aikin kowane gefe kuwa ba su kuskure ba ko kaɗan. Na rubuta rugueux da lisse da manyan baƙaƙe, na fassara, muka maimaita tare. Sani ya sake ɗaga hannu, ya ce shi dama akwai abin da ke damunsa: an ce na lise ke yin mai, amma man shanu ai daga ruga yake fitowa. Na ce nan misalinsu ya fara gurguncewa, ko da yake gefen mai kaushin ma yana ɗan taɓa yin mai.

A nan ne sufeto ya yi magana, da Hausa kuma. "Ku gaya mini, akwai hanya tsakanin rugar nan da lise?"

Na sake zana retikulum ɗin da sauri, na miƙa wa Rabi alli, na ce ta ɗora a kan layin mai ɗigo ta bi shi, kada ta ɗaga hannu. Ta bi ninki bayan ninki, ɗigon suka yi ta raguwa, sai ga ta a cikin bututun mai santsi. Ta juyo da ido waje. "Mushe, ashe fata guda ce!" Ƙararrawa ta kaɗa, rabin darasina ban taɓa ba.

A ofishin shugaban makaranta sufeto ya karanto mini laifuffukana: na bar Hausa ta shiga aji, ban gama darasi ba, na bar kalmomi masu wuya ba a rubuce ba. Sannan ya cire tabarau.

"Me ya sa ka tambaye ta dalili?"

"Ranka ya daɗe, so nake in sani."

"A ruga aka haife ni," ya ce. "Na yi shekaru a aji ina ba da amsoshi irin nata, ba wanda ya taɓa tambayata inda na samo su. Za ka ci gaba da aikinka. Amma su iya rubuta rugueux, don mai gyaran jarrabawa bai san ruga ba."

Da na fito, sai na je na zauna a gindin bedi, wato dogon yaro.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, abin da na koya ke nan. Yaranmu da kunnen Hausa suke jin Faransanci, kuma in kalma ta zo musu baƙuwa ba sa barinta a waje, sai sun nema mata ɗaki a cikin abin da suka sani. Wani lokaci ɗakin daidai ne, wani lokaci ba daidai ba, kuma ba za ka sani ba sai ka leƙa. Har yau, in ɗalibi ya ba ni amsar da ta karkace, kafin in ce ya zauna sai na tambaye shi: ina ka samo ta?