Lafiyar Gaisuwa da Ta Gaske

A bakin tashar Matameye, inda 'yan kabu-kabu ke fadarsu ta shayi, akwai wani saurayi siriri mai wushirya, sanye da rigar 'yan sa-kai da ta yi masa yawa. Likitan Fada suke ce masa, shi kuwa yana rantsuwa ko allura bai iya ba.

Ba ya wa'azi. Yana fifita gawayi, yana bin tsaransa da gaisuwa.

"Sadisu, lafiya?"

"Lafiya lau."

"Wannan ta gaisuwa ce. Ta gasken fa?"

Fada ta kwashe da dariya. Sadisu mai jajayen idanu ya sosa ƙeya, ya ce barci ya ƙaurace masa, aiki kuma sai da tramol. Saurayin ya miƙa masa kofi, ya matso, ya sassauta murya: "Gobe zan raka ka likita. Kai za ka tuƙa, amma ba ni biyan ko dala."

Har Sadisu ya dara.

Ni da ke zaune a gefe ina shan shayi, ina zaton saurayin ma wani ya taɓa tambayarsa sau biyu.

Na miƙe zan tafi, saurayin ya ɗago kai: "Baba, lafiya?"

Na buɗe baki zan ce lafiya lau, sai na koma na zauna.