Kalangun da waya ta haɗiye

Shagon ɗaukar waƙa gare ni a Tambuwal, ɗaki ɗaya ne da na manna wa katifu a bango. Bokona bai wuce firamare ba. Da kunne na koyi aikin, kuma har yau da shi nake yi.

Aikin ƙarshe da ake yi wa waƙa kafin a zuba ta a katin waya, shi muke kira mastarin. Akwai 'yan ƙananan manhajoji da ake cusawa cikin babbar manhajar ɗaukar waƙa don wannan aiki, fulogin ake ce musu. Ina da guda tsohuwa, mummuna, mai maɓallai fuɗu. Da kwamfutata ta mutu na sayi wata, sai sabuwar manhajar ta ƙi buɗe ta. Na haƙura, na koma ga sababbin da suka zo a ciki. Waƙoƙin biki dai sun yi ta fita, ba wanda ya yi ƙorafi.

Sai aka kawo mini wani tsoho daga Kebbe bisa babur, makaɗin mahauta. Hannunsa na dama ya fara rawa. So yake a ɗauke masa taken mahautan garinsu, na raye da na matattu, tun yana iya riƙe sandan kiɗa. Kalangu magana yake yi. Kowane mahauci da nasa take, a hawa da saukar muryar ganga ake jin sunan mutum. Da ƙyar muka gama, yana kaɗawa yana hutawa.

Na yi mastarin da sabuwar fulogin. A manyan sifikun shago kamar a kasuwa kake. Na tura masa a wayarsa, ya kara a kunne, ya daɗe.

"Ɗana, wanga ba ni ba ne."

"Kai ne mana, Baba."

"To ina Sarkin Fawa? Rabin sunanai nika ji. Kun yanke mai ƙafafu."

Gaskiyarsa. Ƙaramar sifikar waya ba ta fitar da muryar ƙasa, duk inda ganga ta sauka sai ta ɓace. Kuma a Kebbe da waya za a saurara, a rumfar nama. Na ce ko za mu sake ɗauka kusa da makirfo. Ya ɗaga mini hannun kawai, yana karkarwa.

Na san tsohuwar fulogin ɗina tana ɗora wa muryar ƙasa wani ɗan kaushi da ke sa waya ta kama ta. Na nemo wata 'yar manhaja da ke haɗa tsofaffi da sababbi, gada muke kiranta. Tsohuwar ta buɗe, amma ba fuskarta mai maɓallai, farin allo ne da layukan ja marasa suna. Sau biyu kwamfutar tana sandarewa. Na rufe manyan sifikun, na jona wayar tsohon, ina jan layi ina saurare har na gano layin da nake nema.

Na miƙa masa wayar. Bai ce ya yi kyau ba. Sunaye ya fara kira, ɗaya bayan ɗaya, yana bin gangar. Da ya zo kan wani ya tsaya.

"Wanga shi ya saya mini kalangun farko. Mayar da shi baya in ƙara ji."