Ranar da Muka Raba Sobiya a Harra ta Gabas

Ranar da aka kafa dokar hana fita dare da rana a Madina ba ta taɓa fita daga raina ba. Shekarar korona ce, cikin watan Sha'aban. A lokacin ni ne mai kula da ɗakin jiƙo a ma'amal, wato masana'antar sobiya, ta Ammu Bakur da ke unguwar Jurf.

Ga wanda bai san aikin ba, sobiya ruwan sha'ir ce. Ana jiƙa sha'ir da busasshiyar gurasa, a sa kirfa da kayan ƙanshi, a bari ya ɗan yi tsami, a tace, a zuba sukari, a sanyaya. Matsalarta ita ce ba ta jira. In ta daɗe, musamman da zafi, sai ta soma kumfa, ta juya ta zama abin da Musulmi ba ya sha, ba ya kuma sayarwa.

A makon nan mun cika tankunanmu duka, saboda gidajen abinci da shagunan da ke karɓa a wajenmu. Da dokar ta fito, sai waya ta dinga shigowa, kowa yana cewa ya rufe, kada a kawo. Ɗakin sanyinmu kuwa ba ya ɗaukar ko rabin abin da muka jiƙa.

Washegari da safe Ammu Bakur ya shigo. Bahaushe ne haifaffen nan, kakansa ne ya zo hajji a ƙasa ya zauna. Ya zagaya tankunan, ya tsaya a gabana.

"Malam Sani, khalas, shi ke nan, a zubar," in ji shi. "Gara in yi asara da a ce an sami giya a wurina, a garin Manzon Allah."

Ban yi musu ba. In baladiyya, wato hukumar gari, ta tarar da sobiyar da ta juya, rufe wurin za ta yi, mu kuma baƙi da ke aiki da iƙama, wato takardar izinin zama, mu rasa madafa. In an zubar ma, ban ga abin da zai hana a sallame mu ba.

Sai Idi direbanmu, mutumin Maraɗi, ya yi gyaran murya.

"Ammu, a Harra ta Gabas inda nake kwana akwai magina da masu wankin mota cike da gidaje. Tun da aka rufe wuraren aikinsu kwanakin baya, shayi da gurasa kawai suke samu. Wannan sha'ir ne, yana riƙe ciki."

"Wa zai bar ka ka wuce da mota ba tasrihi?" Takardar izinin fita yake nufi.

"A tambayi umda," in ji Idi.

Ammu ya kira umda, wato mai unguwar wajen. Shi ya haɗa mu da wata ƙungiyar agaji mai izinin raba abinci. Suka yarda, amma da sharaɗi: sai jami'in baladiyya ya duba kayan tukuna. Nan na damu, don tankin da ke kusa da ƙofa ya fi shan zafi, kuma tun safe ƙanshinsa bai kwanta mini ba. Na gaya wa Ammu. Ya ce, "Ya zo ya gani da idonsa."

Jami'in ya iso kafin azahar, da takunkumi a fuska. Ya bi tankunan ɗaya bayan ɗaya yana ɗiban samfuri. Da ya zo na bakin ƙofa ya daɗe, sannan ya ce wannan ya riga ya juya. Ammu ya durƙusa da kansa, duk da ciwon gwiwarsa, ya buɗe famfon tankin zuwa magudana.

Jami'in ya kalle shi har tankin ya tsiyaye. Ya ce, "Ya ammi, wanda ya kira mu da kansa ba a rubuta masa laifi. Sauran lafiya lau suke, amma ku fitar da su yau."

Ban taɓa ganin aiki irin na ranar ba. Muka sa safar hannu, ɗaya yana zubawa a leda, ɗaya yana ɗaurewa, ɗaya yana jerawa cikin ƙanƙara. Ammu ya naɗe hannun rigarsa ya zauna cikinmu yana ɗauri. Yatsunmu suka kumbura. Mota tana fita, muna cika wata.

Na bi Idi a zuwan ƙarshe. Ƙa'idar ita ce a ajiye a bakin ƙofa, a ƙwanƙwasa, a ja da baya. A wani lungu, wani dattijo ɗan Cadi ya buɗe, ya ɗauki ledar, ya ɗora a kumatunsa don sanyin. Ya ce, "Yaro, na ɗauka an manta da mu a nan." Idi ya ce masa, "Baba, shiga ciki ka sha tun da sanyinta." Kafin kiran magariba, ba sauran ɗigo a tankunanmu.

Da azumi ya kama, mutanen unguwannin suka riƙa tambayar umda inda aka samo sobiyar nan. Ammu ya nemi izinin kaiwa gida-gida, ya samu. Muka koma jiƙa kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da aka nema. Ba a sallami ko mutum ɗaya ba.

Ku da kuka shigo aikin daga baya, ga abin da na koya. Abin da ya juya, ka zubar da shi da hannunka, kada ka jira a umarce ka. Abin da ke da kyau kuma, kada tsoro ya sa ka haɗa shi da marar kyau. Tambayi abokan aikinka tukuna, domin wani a cikinsu ya san gidan da ake jin yunwa.