Mun Tsaya a Shafi na Arba'in da Bakwai

Shekararmu ta uku ce a ƙasar waje, a unguwar Cheras. Maigidana yana digirinsa na uku a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak, ni kuma ina gida. Kafin mu zo na yi shekara goma sha ɗaya ina koyar da 'yan aji huɗu a firamare. Takardar malanta ita ce iyakar karatuna, ban kuwa taɓa ɓoye wa kowa ba. A nan babu aji, babu allo. In kai yara makaranta, in ɗora girki, in shanya wanki a baranda, in kwashe shi kafin ruwan la'asar ya sauko. Kullum haka. Gajiyar zama ta fi ta aiki cin jiki.

Ƙofar da ke kallon tamu a hawa na tara ta wasu Turkawa ce, mata da miji, ba su haihu ba tukuna. Mijin yana gasa nama a wani gidan abinci a Bukit Bintang. Matar ta samu gurbin karatu a wata jami'a, da sharaɗin ta kawo sakamakon jarrabawar Turanci. Ta taɓa zaman jarrabawar sau ɗaya, ta faɗi. Bizarta ta kusa ƙarewa, aikin mijin kuma ba irin wanda ke ba mutum damar ajiye iyali ba ne. In ta ci, a ba ta bizar ɗaliba ta zauna. In ta faɗi, ta koma gidan iyayenta, shi ya ci gaba da juya nama shi kaɗai.

A lif ta ji ina yi wa 'yata faɗa kan aikin makaranta. Washegari sai ga ta a ƙofata da leda cike da takardu.

"Abla, ke malama ce. Taimake ni," ta ce da ɗan Turancinta.

Abla a wurinsu kamar Yaya ce a wurinmu. Daga ranar ba ta kira ni da wani suna ba.

Takardun darussa ne da aka tsara wa masu jin Turkanci, ta sauko da su daga intanet. Bayanin duk da harshensu ne, ba na gane ko kalma ɗaya, amma atisayen da Turanci yake: cike gurbi, zaɓi kalmar da ta dace, gyara jimla. A hargitse suke, wasu har da tabon mai. Na kwashe su na jera, na sa wa kowane shafi lamba, na huda gefe na ɗaure da zare. Shafi sittin cif. Kalmomi a farko, sai nahawu, sai karatu da amsa tambaya, sai rubutun insha'i daga shafi na hamsin da ɗaya. Saura mako shida jarrabawa. Shafi biyu a rana, kwana biyar a mako, mu gama daidai.

Na gindaya mata sharaɗi uku. Na farko, ƙarfe biyu bayan sallar Azahar, mu tashi uku da rabi in ɗauko yara. Na biyu, a ɗakinta za mu yi, don maigidana yakan yi rubutu a gida. Na uku, ba a tsallake shafi. Ta ce ta yarda.

Ranar farko na shiga da alƙalamina ja. Kafin in zauna sosai ta kawo shayi. Butoci biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, da ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, kowane da ɗan cokalinsa. Shayin ja wur, ba madara, ga ɗaci. Ni a gidanmu an horar da mu abin da aka ba ka a gidan mutane ka shanye, barin saura raini ne. Na shanye da sauri don mu fara. Ina ajiye kofin ta cika shi. Na sake shanyewa. Ta sake cikawa. A na uku na ce ya isa, ta yi murmushi ta zuba, kamar yadda ni ma nake ƙara wa baƙuwa tuwo in ta ce ta ƙoshi. Muddin akwai shayi a gabana ba ta taɓa littafi. Tana zaune a bakin kujera, hannu a kan buta, tana tambayata yara da abin da na dafa.

Sai wajen uku saura kwata muke buɗe takarda. Wata rana shafi ɗaya, wata rana ko ɗayan bai cika ba. Ina fita cikina cike da shayi.

Na kai ƙara wurin maigidana.

"Malam, yarinyar nan ba karatu take so ba. Hira take so da shayi."

"To ki ce kin ƙoshi mana."

"Na faɗa. Ta ƙara."

"Ki bar shi a kofin."

"A gidan mutane? Kai za ka iya?"

Ya ɗago daga kwamfutarsa yana dariya. "Malama, an ba ki aikin shan shayi kyauta kina ƙorafi. Ni da mai duba aikina zai ba ni ko ruwan zafi, da na yi sujada."

Ban yi dariya ba. Mako uku ya wuce muna shafi na goma sha uku.

Ran nan na tarar da mijin a gida, ya ƙone a hannu an ba shi hutu. Ya gaishe ni ya koma gefe. Yana kallo na shanye kofi huɗu. A na biyar ya yi wa matarsa magana da harshensu, ta mayar masa da zafi, sai ya fashe da dariya har yana riƙe hannun ciwon. Ya taso ya ɗauki ɗan cokalin nan ya kwantar da shi a kan bakin kofina.

"Malama, haka ake yi. In ba ki sa cokali ba, har Magariba za ta yi ta zubawa. Kofin baƙo ba ya zama wayam a gidanmu, uwarta ta ji labari sai ta yanka ta."

Na dubi matar. Ta rufe fuska da mayafi.

"Kullum in na dawo kuka take," ya ce. "Wai Abla ta fi son shayi da karatu, lokaci na tafiya, ita kuma ba za ta iya cewa ki daina sha ba."

Ni ina sha don kada in raina ta, ita tana zubawa don kada ta raina ni. Mako uku. Suka yi ta dariya, ni ina lissafi a zuci. Shafi arba'in da bakwai suka rage, kwana goma sha biyar.

Daga ranar kofi ɗaya nake sha in ɗora cokali. Muka kama aiki sosai. Ba ta da wasa ashe, ni ce na yi mata mummunar fahimta. Ta haddace kalmomi a jirgin ƙasa, ta manna su a jikin firji da ƙofar banɗaki.

Saura mako biyu ta buɗe bayan littafin ta tura mini.

"Abla, mu je nan. Rubutu ne ya kayar da ni wancan karon."

"Muna shafi na ashirin da biyar."

"Rana ɗaya kawai, Abla. Don Allah."

"Wadda ba ta gama haɗa jimla ba, da me za ta rubuta insha'i? Mene ne sharaɗi na uku?"

Ta ce, "Ba a tsallake." Ta mayar da littafin inda muke.

Ta sake roƙona saura mako ɗaya. Na sake hanawa. Haka aka koya mini, haka na koyar shekara goma sha ɗaya, ban kuma taɓa ganin ya cuci yaro ba. Sai dai 'yan aji huɗu suna da zango uku a gabansu. Jajibirin jarrabawa muka tsaya a shafi na arba'in da bakwai.

Sakamako ya fito bayan kwanaki. Ta ci saurare, ta ci karatu, ta ci magana. Rubutu ya gaza da kaɗan. Ta ce ta daɗe a tambayar farko tana gyara kowace jimla kamar yadda muka saba, lokaci ya ƙare tana tsakiyar ta biyu. Zama na gaba da ke da gurbi ya faɗo bayan ƙarewar bizarta.

Da safe, bayan na kai yara makaranta, na ari littafin na buɗe shafi na hamsin da ɗaya. Bayanin Turkanci ne, amma akwai zane da ko ni na gane: agogo an raba shi biyu, kaso ƙarami ga tambayar farko, babba ga ta biyu. Shafi na gaba ya nuna yadda ake jera insha'in, gabatarwa, hujja biyu, kammalawa. Aikin yini ɗaya ne. Ni na sa wa shafin nan lamba da hannuna, ban tsaya na duba abin da ke ciki ba, tunda ba mu iso ba.

Na mayar mata na ce, "Laifina ne. Kin roƙe ni sau biyu."

"Ni na zuba shayin, Abla."

"Shayi daban, wannan daban."

Ba ta musa ba. Na ji daɗin hakan.

Ranar tafiyarta akwatuna biyu suna bakin ƙofa, mijin ya sauka neman tasi. Ta miƙo mini butocin nan da kofuna huɗu a naɗe cikin jarida, ta ce nauyi zai yi mata yawa. Sannan ta kwance zaren littafin, ta zare shafuka goma sha uku na ƙarshe ta sa a jakar hannu. Sauran ta ba ni.

"Zan sake zaman jarrabawar a can," ta ce. "Amma daga bayan littafin zan fara."

Na ce mata hakan ya yi.

Mun ƙara shekara guda a hawa na tara. Nakan haɗu da mijin a lif da rana zai tafi aiki, ya gaishe ni, in tambaye shi mutanen gida, ya ce suna lafiya. Ban taɓa tambayarsa ko ta sake zaman jarrabawar ba, shi ma bai faɗa ba. Har muka tattara muka dawo, shi kaɗai yake buɗe ƙofar nan.