Bututun da Na Sa Aka Ƙara

Shekarar da aka karɓe mana fam da sule aka ba mu naira, damina biyu ke nan sama tana yi mana rowa, a nan ne abin ya faru. Na manta sunayen wasu jikokina, amma wannan kam da shi za a binne ni.

Garinmu yana tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar. Da rijiyoyi suka ƙafe, aka haƙa mana burtsatse, aka kafa inji, aka ba ƙanin mijina kula da shi. Dab da injin, a jikin babban bututu, akwai wani ƙarfe kamar 'yar buta, wai shi bawul. In an rufe famfuna ruwa ya matsu, sai ya buɗe da kansa ya fesar, don kada bututun ya fashe. Mu mata muka sa masa Mai Atishawa.

To ku duba fa. Awaki suna faɗuwa don ƙishi, ga ruwa yashi yana shanyewa a ɗakin inji. Ni kuwa a lokacin, in na ɗaga murya ko maza sai sun saurara. Na tare ƙanin mijina.

"Kai, inji aka ba ka ko tsohuwa mai mura?"

"Yaya, ki rufa mini asiri da bakin nan naki. Haka masu shi suka ɗaura shi."

"Masu shi a Kano suke shan ruwansu. Fito da shi waje, ya riƙa atishawarsa a komin dabbobi."

Ya ƙi. Na kai magana gun maigari, na tara mata, har ƙanin mijina ya gaji ya yarda. Akwai ragowar siraran bututai, kaurin babban yatsa, su kaɗai suka dace da gindin bawul ɗin. Ya kwance shi, ya jona bututun taku talatin, ya zagaya da shi bango da lanƙwasa huɗu, ya ɗaura bawul a can ƙarshe. Ni na fara rangaɗa guɗa.

Daga ranar atishawa ta ƙare. Sai kaf-kaf-kaf, kamar haƙoran mai zazzaɓi, bututu yana karkarwa.

"Yaya, ƙarar nan ba ta yi mini ba."

"Rawa yake yi, matsoraci."

Kwana tara, da hantsi, babban bututun ya tsage a bakin injin, ya lalata wani abu a cikin injin.

Wata guda da kwanaki ba ruwa. Mu fita bayan asuba zuwa wata rijiya mai nisa, mu dawo azahar da tulu ɗaya, wuya ya sage, ƙafa ta tsattsage. Shanun mijina biyu suka kwanta ba su tashi ba. Gida uku suka ɗaure kaya suka yi kudu, har yau ba su dawo ba. Ba wanda ya zage ni. Shiru kawai ake yi in na iso bakin rijiya.

Da injiniya ya zo da kayan gyara, sai ya tsaya a kan siririn bututun. Ya auna tsawonsa, ya auna bakinsa, ya ƙirga lanƙwasa, ya tsuguna yana lissafi a takarda. Ya ce ruwa in yana gudu a matsattsen bututu gajiya yake yi, kowace lanƙwasa kuma tana cin ƙarfinsa. Da bawul ya buɗe, ƙarfin da ke isowa gare shi sai ya faɗi, ya zaci an huta, ya rufe, alhali can wajen inji matsin yana nan. Ya buɗe, ya rufe, har girgizar ta ci ƙarfe. Cikin kashi ɗari, in ji shi, bai kamata fiye da uku su ɓace a hanya ba. Namu ya wuce haka nesa.

Ban yi boko ba, amma kafin ya rufe baki na gane.

"Dabarar wa ce?" in ji injiniya.

Ƙanin mijina ya ce tasa ce. Na ce ƙarya yake yi, tawa ce.

"Baiwar Allah, ai kin yi tunani. Da kun bar shi a gurbinsa, kun jona bututu mai faɗi ta inda yake fesarwa, da shi ke nan."

Kafin la'asar ya yi hakan. Ruwa ya zubo a komi lafiya lau. Na tsaya ina kallo, ko guɗa ban iya ba, gajiya ce kawai ta sauko mini.

Abin da na koya, ganin ɓarna daban, sanin gyaranta daban. Kuma in mai aikin ya ce ƙara ba ta yi masa ba, ƙarfin bakinka ba zai canja ta ba.

Maigari ya rasu, mijina ya rasu, ƙaninsa ma ya bi shi. Saura ni da matar ƙanin, tana Gumel wajen ɗanta, ido ya tafi. In na je gaishe ta ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ni ce kullum nake tayarwa.