Furen da Ya Cinye Mini Mayafi

Birmingham

Asubar bazara a Ingila ba ta da kunya, kafin ka gyara kwanciya ta yi. Na idar da salla, na ɗauki robar dambun nama, na bar Balsall Heath gari bai gama wayewa ba. Direban tasi ya ga na caɓa ado, ya ce biki za ni? Na ce a'a, fure za ni gani. Ya yi dariya har ya wuce kwanar tasha.

Jirgin ƙasa ya tashi ƙarfe shida da 'yan mintuna. Na sayi shayi, na kurɓa sau ɗaya, na yafe musu.

Manchester

Daga tasha na hau bas zuwa Withington, inda Hanan, 'yar ƙanena, take karatun tsirrai. Na same ta da ƙaton takalmin roba kamar mai yashe rijiya.

A cikin tsohuwar motarta ta yi mini bayani. Akwai wani ɗan fure rawaya da ba ya fitowa sai a tudun yashi na bakin teku. Danginsa na lambu sun tsere daga gidajen mutane, ƙudan zuma na ɗaukar garin da ke cikin furen wannan su kai wa wancan, 'ya'yan su fito ruwa biyu. Ga kuma wata ƙaya da aka shigo da ita don ado, tana cinye filin.

"Goggo, tun farkon summer nake nema, duk hybrid ne, ruwa biyu. In ban samu na asali wannan weekend ba, furen zai bushe, project ɗina ya mutu."

Na ce, "Ke dai tuƙa. Mai nema yana tare da samu."

Bakin Teku

Awa ɗaya da ɗoriya muka isa. Iska ta yi mini maraba da yashi a baki. Duk furen da na hango sai in kwarma ihu, "Ga shi!" Hanan ta durƙusa, ta duba, ta girgiza kai: wannan ya cika girma, wancan ya cika shuɗi. Tun ina ihu da gaske har na koma yi don tsokana. Amma da na ga ta zauna ta yi tagumi, tausayinta ya kama ni.

Azahar ta yi. Ko'ina na nufa da darduma sai sawun karnuka da abin da suka bari. Ni kuwa ba zan ɗora goshina a nan ba. Na yi ta hawa ina haki, ina mita, har na faɗa wani kwari a bayan tudu inda babu sawun kowa. Na zura hijabi na tayar.

Ina sallamewa hagu, idona ya sauka a kan wasu 'yan furanni uku, ƙanana, rawaya, dab da gefen darduma. Saura ƙiris da a kansu na yi sujada.

"Hanan! Ga shi!"

"Goggo, please."

"Wallahi ban taɓa rantsuwa bayan salla a banza ba!"

Ta zo tana jan ƙafa. Ta durƙusa, ta daɗe. Sai ta kurma ihun da ya fi nawa, ta rungume ni muka zube a yashi, ni da shekaruna.

Murna ba ta ƙare ba sai ga ƙudan zuma yana shawagi. Hanan ta hau kora da hannu biyu. Dole a rufe furannin da raga kafin ƙudan ya kawo musu garin furen lambu, ragar kuwa ta baro ta a Withington. Idonta ya tsaya a kan mayafina mai shara-shara, wanda a ranar na fara yafa shi.

"Kar ma ki fara," in ji ni.

"Goggo na..."

Ni da kaina na riƙe mata tana yankawa. Ta shafa garin wannan a kan wancan da tsinken auduga, ta ɗaure wa kowanne ɗan kallabinsa.

Gida

Na shiga Birmingham da la'asar sakaliya, sanye da hijabin salla a kan leshi. Maigida ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ina mayafin? Na ce na aurar da marayu uku, shi ne kayan ɗakinsu.

Alhamdu lillahi da Ya kai mu Ya dawo da mu. Bayan 'yan makonni Hanan ta bugo waya tana kuka tana dariya: biyu daga cikin furannin sun yi iri.