Gyaɗar da Ta Ɗauke Sa'idu

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka binne ƙanena Sa'idu a Garwa, kuma har yau in na ce gyaɗa ce ajalinsa, sai in ga mutum yana danne dariya. Gyaɗa fa! Ga shi ɗan mahauci, wanda ya tashi a unguwar Jambutu, a gidan da ake barbaɗa wa tsire ƙuli kullum ta Allah.

Tun yana ƙarami, in ya ɗanɗana ta sai leɓe ya kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Mu muka ce borin jini ne, Baba ya ce iyayi ne. Yaron nan bai haƙura ba, ya bi abin da karatu har ya zama malamin kimiyya a lise, wato makarantar sakandare. Wata rana ina tankaɗe ya tsuguna gabana, ya zana da'ira da gawayi.

Ya ce, "Yaya, a jikin kowa akwai ƙwayoyi masu gadi, ido ba ya ganinsu. Kowacce tana da fata, a fatar akwai ƙofofi. Wani gishiri mai suna kalsiyom yana jira a waje. Da ƙwayar ta hangi maƙiyi sai ƙofofin su buɗe, gishirin ya kwararo ciki, ita kuma ta fesa duk abin da ta tara na yaƙi. Nawa masu gadin, gyaɗa suka ɗauka maƙiyiya."

Na ce, "To, sakarkaru ne ke nan." Ya kece da dariya, ya ce, "A'a, Yaya, tsabar ƙwazo ne." Abin da ke ba ni mamaki har gobe, bai taɓa jin haushin jikinsa ba. In yana wannan bayani fuskarsa haske take yi, yana ta subhanallahi.

'Yarsa Maryama ta gado shi a wannan lalura, ni ce kuma na riƙe ta. Bara wani likita ya nuna mana hoto mai motsi a wayarsa: ƙwaya guda a cikin duhu, kalsiyom na shiga sai ta kama da haske gaba ɗaya, ta dushe, ta sake kamawa. Ashe gawayin nan gaskiya ya faɗa! Da Sa'idu ya ga wannan, na san sai an ƙwaci wayar da ƙarfi.

To ga Maryama ta kawo miji, yaron kirki, amma daga Bibemi, gidan manoman gyaɗa. Hankalina ya tashi. Na hau mota na je wurin uwar yaron, Dada Aisatu, tsohuwar Bafulatana marar yawan magana. Da Fulatancina na kasuwa na yi ta kwaɓa mata zancen ƙofofi da gishiri, tana kallona kawai. Da na ga haka sai na gaya mata yadda uban Maryama ya tafi. Walima ce a garin Collire. Ya tambaya ko da gyaɗa a miyar, aka ce babu, don mai girkin ba ta ɗauki 'yar gyaɗar da ta zuba don kauri a bakin komai ba. Kafin a kai shi asibiti maƙogwaro ya rufe. Dada ta miƙe kawai ta raka ni bakin ƙofa. Na dawo raina a ɓace, ina cewa auren nan da sake.

Na sha tambayar kaina me ya rage na Sa'idu. Ba gida ya bari ba, ba shanu ba. Wannan bayani nasa ne kawai, da ni jahila nake yawo da shi a baki, ina tsoron ba mai saurara.

Da biki ya matso na koma gidan Dada kai kaya. Na tarar rumbun gyaɗa wayam, an kwashe shi zuwa gidan ƙanin mijinta. Ga sabon turmi, ga sababbin tukwane. Gonar gyaɗa ta bayan gida kuwa yanzu masara ce ta yi kore shar. Na tsaya baki buɗe.

Dada ta ce, "Hajiya, ƙofofin nan naki ban gane su ba. Amma kin ce ubanta sai da ya tambaya kafin ya ci. A gidana ita ba sai ta tambaya ba."